Ma'aunin Ƙara da Kunnen Surukina

Tun kuna ƙanana kuke tambayata abin da ya sa duk salla mahaifiyarku ce kaɗai ke kwasarku zuwa Kutemeshi wurin kakanku, ni kuwa a bar ni a gida ina gadin kaji. Kullum amsata ɗaya ce, wai aiki ne ya riƙe ni. To, yau na gaji da wannan ƙarya. Duba-gari ba ya leƙa randar kowa ranar salla. Abin da ya hana ni zuwa shi ne kakanku ba ya son ganina, kuma yana da hujjarsa. Na san kun tsinci labarin a bakin dangin uwarku, kowa da irin gishirin da ya barbaɗa masa. Ga nawa, ku haɗa da nasu, in ya so ku yi mini hukunci bayan ba ni.

Abin ya faru ne a shekarar da motoci suka bar hannun hagu suka koma dama. Lokacin ina malamin tsafta, wato duba-gari, a Birnin Gwari, aikin da ba ya jawo wa mutum masoyi ko ɗaya. In na shigo unguwa da farin kakina, tun ina bakin layi nake jin ana kifar da randuna ana korar awaki daga tsakar gida. Shekarata huɗu ke nan da auren mahaifiyarku Rakiya. Mahaifinta kuwa, wanda har yau da furfurata hannuna ba ya yarda ya rubuta sunansa, shi ne babban mai zarto a injin yankan katako na wani attajiri da ake kira Alhaji Mai Katako, can a bakin daji inda manyan motoci ke fitowa da gumaguman itacen maɗaci da na kawo. Ma'aikata na kiransa Sarkin Zarto, ni dai Baba nake ce masa. Tun zamanin da ake yanka da hannu yake sana'ar, mutum ɗaya a cikin rami ɗaya a bisa gungume, kuma da inji ya zo bai ji tsoronsa ba kamar tsaransa, sai ma ya zama shi ke tsayuwa dab da bakin zarton daga safe har la'asar. Yakan dubi gungume sau ɗaya ya faɗi katakon da zai fita a cikinsa, kuma haka ɗin za a samu. Wannan tsayuwar ita ce mutuncinsa a gari, ba shi da wata sarauta da ta wuce ta.

Ku na yanzu da kuke zama kujera ɗaya da surukanku kuna kallon ƙwallo ba za ku gane irin zaman da muka yi ba. Ni ban taɓa matsawa kusa da Baba fiye da tsawon tabarma biyu ba. Duk Juma'a nakan je gidansa, in cire takalmi tun daga waje, in durƙusa a bakin zaure kaina a ƙasa, in jero gaisuwa, shi kuma ya jero amsa yana kallon wani wuri. Ban san launin idonsa ba. Mahaifiyarku kuma 'yar fari ce, saboda haka ita ma akwai kunya tsakaninsu: ba ya kiran sunanta, ba ya hira da ita, in zai aika mata saƙo sai ta bakin Inna, wato kakarku. A cikin irin wannan gida mutum zai iya rasa jinsa kaf ba wanda ya sani, domin gaisuwa a jere take zuwa, wanda ya san jerin ba ya bukatar kunne.

Wanda ya fara fasa mini ƙwan shi ne Bulus, bakaniken injin, mutumin Kazage, abokina tun muna makaranta. Wata ranar kasuwa ya tare ni a rumfar mai shayi, ya ja ni gefe, ko zama bai yi ba.

"Lawal, tsohon nan naka ba ya jin usur."

"Wane usur?"

Sai ya yi mini bayani. Akwai wani dogon bel mai faɗi da ya taso daga injin ya wuce ta gefen mai zarto, shi ke juya zarton. In ya fara zarewa yakan yi kaɗawa kafin ya tsinke, kuma in ya tsinke yakan yi bulala daidai tsayin kan mutum. Bulus na tsaye a kan dakali kusa da injin da usur a wuya. Da ya ga bel ya fara rawa sai ya busa, kowa ya zube ƙasa, sannan ya kashe injin. Haka dokar wurin take.

"Sau biyu ke nan ina lura," in ji Bulus. "Ba usur yake ji ba. Ƙafafun mutane yake kallo ta gefen ido. In sun faɗi, ya faɗi. Wata rana idonsa zai je wani wuri, Lawal. Ni ba zan iya gaya masa ba, uba ne. Alhaji kuma in ya ji, korarsa zai yi. Kai ne nasa."

Na koma gida. Da na gaya wa mahaifiyarku, tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ashe ta sani. Inna ta daɗe da gaya mata cewa ba ya jin ladan, sai ta taɓa masa ƙafa yake tashi alwala.

"To, me ya sa kuka yi shiru?" na ce.

"Malam, wa zai faɗa? Ni zan dubi Baba in ce masa ya kurumce? Ko kai?"

"Inna fa?"

"Ta gwada sau ɗaya. Kwana uku bai ci tuwonta ba."

Na tashi na bar mata ɗakin ina huci, amma a raina na san gaskiya ta faɗa. Ni da nake shiga gidan mai unguwa in ce masa masansa ya cika, ban iya buɗe baki a gaban wannan tsoho ba. Na yi mako biyu ina kai gaisuwar Juma'a, ina dawowa da maganar ban faɗa ba. Duk sanda na ji ƙarar injin daga nesa sai in tuna da bel ɗin nan.

Ana cikin haka sai ga takarda daga hedikwatarmu a Kaduna. Wai ana so a auna ƙarar injinan da mutane ke aiki kusa da su, na niƙa da na yankan katako, kuma in je in karɓo na'urar awo a sito. Da na karanta sai na ji kamar an sauke mini dutse. Ga abin da zai yi magana a madadina. Na tsara komai a kaina: na'ura za ta nuna ƙarar ta wuce kima, ni kuma in rubuta rahoto cewa duk wanda ya daɗe a bakin zarto a mayar da shi fili wurin awon katako da zaɓen gumagumai, a ba sauran abin rufe kunne, a sa wa bel garkuwa. Ba sunan kowa a ciki. Baba zai bar gefen bel da girmansa, takardar gwamnati ce ta ce, ba surukinsa ba. Na ji daɗin wayona ƙwarai, kuma wannan jin daɗin shi ne kuskurena na farko.

Labari a Birnin Gwari ba ya kwana. Kafin in shirya jakata Alhaji Mai Katako ya aiko in same shi. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo fura mai sanyi, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya gyara zama.

"Malam Lawal, na ji za a ba ka abin awon ƙara. Akwai wani babba a sitonsu, mai akwatin katako. Shi aka kai injin wani abokina, aka auna, aka tashi lafiya. Shi za ka ɗauko."

"Ranka ya daɗe, sai na ga abin da ke akwai."

"Ka gani, ka ɗauko shi. A bar kaza cikin gashinta. Domin in takarda ta ce zartona na lalata kunnuwan mutane, za a zo a duba kunnuwan. To, wa kake tsammani za a fara samu? Ni dai ba a bakin zarto nake tsayuwa ba."

Ya faɗi haka yana murmushi, yana kallona kai tsaye. A nan na gane shi ma ya sani. Ya san Baba ba ya ji, ya yi shiru ne domin ba wanda ke fitar masa da katako kamar shi. Na sha furar, na yi godiya na fito.

Mai tsaron siton a Kaduna wani dattijo ne, Malam Ishaya, tsohon soja da ya yi aikin wayar iska, mutum mai ƙarancin magana. Ya ɗauko na'urori biyu ya ajiye a kan teburi. Ɗaya ita ce babbar da Alhaji ya kwatanta, akwatinta na sheƙi, da maɗaukin fata, da fuska mai faɗi kamar agogon bango. Duk wanda ya gan ka da ita ya san gwamnati ta iso. Ɗayar kuwa ƙarama ce, ba ta fi bulon sabulu biyu ba, fentinta duk ya goge a gefe, da wani ɗan ƙullutun soso a bakinta. Wallahi ba zan ɓoye muku ba, idona a kan babbar ya tsaya, kuma ba don Alhaji kaɗai ba. Duk tsawon hanya ina tunanin maganarsa. In na ɗauki babbar, ba abin da zai canza: Baba na nan a matsayinsa, gidansu na cin abinci, ni kuma ina nan a matsayin suruki mai ladabi. Sauran sai a bar wa Allah.

"Wacce ta fi kyau?" na tambaye shi.

"Ni sito nake tsaro, ba na zaɓa wa mutum. Ina za ka kai ta?"

"Daji. Injin yankan katako."

"Akwai lantarki?"

"Babu."

Sai ya juya babbar ya nuna mini batirinta, wani irin dogo wanda ya ce ko a Kaduna sai an yi oda. Ƙaramar kuwa batirin tocila take ci, irin wanda ke kan teburin kowane mai tireda a garinmu. Ya ce sosan nan na bakinta iska yake tarewa, domin in iska ta bugi bakin na'ura sai ta ɗauka ƙara ce. Ya nuna mini wani maɓalli a jikinta, ya ce in an murɗa shi nan, na'urar kan saurari ƙara yadda kunnen ɗan Adam ke saurarenta, ta fi kula da mai kaifi wadda ke cin kunne, irin kukan zarto. Babbar ba ta da wannan. Ina ta gyaɗa kai kamar na gamsu, alhali a zuciyata ina neman dalilin da zan fake da shi in ɗauki babbar.

"Amma ai ita ma tana aunawa," na ce.

Ya buɗe aljihun teburi ya ɗauko wani ɗan abu kamar gwangwanin madara, ya ce wannan shi ne alƙali. Kuka ɗaya yake yi, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, kuma an san daidai inda allurar na'ura mai lafiya za ta tsaya in ta ji shi. Ya kifa shi a bakin ƙaramar, ya danna. Allura ta yi tsalle ta tsaya cak a kan alamar. Ya cire, ya kifa a bakin babbar. Allurarta ta taso a hankali kamar mai ciwon baya, ta zo rabin hanya, ta tsaya tana makyarkyata, ta ƙi ƙarasawa.

"Kunnenta ya mutu," in ji Malam Ishaya. "Shekara uku ina rubutawa a gyara ta. Masu injina suna sonta ƙwarai."

Na daɗe a tsaye ina kallon allurar nan da ta kasa isa. Abin da ya zo mini shi ne, in na ɗauke ta, na ɗauki kurma ke nan in kai ta ta yi wa kurma shaida. Na tuna Bulus a rumfar mai shayi, ko zama bai yi ba. Na jawo ƙaramar. Malam Ishaya ya ɗauki jan biro ya ja layi a kan gilashinta, ya ce duk inda allura ta haye nan, wanda ke wuni a wurin kunnensa na tafiya. Ya haɗa mini da gwangwanin gwajin, ya ce in gwada ta kafin awo da bayan awo, kada wani ya ce ƙarya ta yi. Ina sa hannu a takarda ya ƙara da magana ɗaya.

"Kuma ba a bakin ƙofa ake awo ba. Inda kunnen mai aikin yake, nan za ka riƙe ta. Dab da kunnensa."

Wannan maganar ban yi lissafi da ita ba. Tun daga Kaduna har muka shigo daji ina jujjuya ta. Dab da kunnen mai zarto, wato in tsaya kafaɗa da kafaɗa da Baba, a tsaye, da takalmina, a gaban ma'aikatansa. Da na nuna wa mahaifiyarku na'urar na gaya mata yadda ake yi, sai ta dafe ƙirji.

"Malam, ka rufa mana asiri. Ka tura wani."

"Wa zan tura? Ni aka ba."

"To ka auna ranar da ba ya nan."

"Yaushe Baba ya taɓa fashin aiki?"

Sai ta ce, "Duk abin da ya biyo baya, ni ce a tsakiya."

Ranar Talata da hantsi na isa injin a kan kekena. Tun daga nesa ƙarar ke shiga haƙoran mutum. Alhaji na zaune a ƙarƙashin mangwaron da ke bakin shiga, an ajiye mini kujera kusa da shi. Da ya ga abin da na fito da shi daga jaka sai fara'arsa ta ɗauke.

"Ina babbar?"

"Ba ta da lafiya, ranka ya daɗe."

"To. Zauna nan ka auna. Ai nan ma ana jin ƙarar."

"A ciki aka ce in auna."

"Surukinka ne fa a ciki, Malam Lawal. Ko makaranta ta cire muku kunya?"

Maganar ta soke ni, domin ya san inda zai taɓa. Na kifa gwangwanin gwaji a bakin na'urar a gabansa, allura ta tsaya a kan alama, na ce ya shaida. Sannan na juya na nufi rumfar injin.

Rumfar kwano ce doguwa, garin katako har idon sawu. Mutum shida ke aiki: biyu na turo gungume, biyu na karɓar katako, Bulus a kan dakalinsa, Baba a bakin zarto da hannunsa a kan ƙarfen da ke saita kaurin yanka. Bel ɗin na gudu ta gefensa na dama, yana wani irin lilo. Da na shiga, ma'aikatan suka dubi juna. Na rage tsawo na gaishe shi daga nesa kamar yadda na saba, ya ɗaga hannu bai waiwayo ba. Sai na taka. Na wuce tsawon tabarma biyun nan da ban taɓa wucewa ba, na wuce ɗaya, har na ji warin guminsa da na taba. Na ga furfurar da ke bayan kunnensa cike da garin maɗaci ja. Na ɗaga na'urar na riƙe ta a nan.

Gungume ya shiga bakin zarto. Ban taɓa jin abu irin wannan ba, kamar ana tura mini ƙusa a cikin kai. Allura ta haye jan layin Malam Ishaya ta wuce can, ta tsaya tana rawa. Na ce a raina, a nan bawan Allahn nan yake wuni shekara da shekaru.

Baba ya ga inuwa a gefensa ya juyo. Ya ga ni ne. Idonsa ya sauka kan na'urar. Mutum ne mai son ganin yadda kowane ƙarfe ke aiki, sai ya ɗan sunkuyo yana kallon allurar, yana kallon jan layin, ya ɗaga kai ya dubi zarto, ya sake komawa kan allurar. Ina ganin ya gane abin da take faɗi ba tare da an fassara masa ba. Gaba ɗaya hankalinsa ya tafi can.

A daidai lokacin Bulus ya busa usur.

Ni na ji shi, siriri a cikin ƙarar. Na ga mutum huɗu sun zube kamar an sare su. Na ga bel ya buɗe yana kaɗawa, gefensa ya fara tsagewa. Baba kuwa na tsaye ƙyam, kansa a sunkuye, yana kallon abin da ke hannuna. Ƙafafun da yake dogara da su sun faɗi bai gani ba, domin ni na ɗauke masa ido. Ban yi tunani ba, kada wani ya gaya muku na yi jarunta. Na saki na'urar, na rungumo shi ta ƙugu, na sa masa ƙafa kamar a filin kokawa, muka tafi ƙasa tare, ni a kansa. Sai na ji wani abu ya wuce ta bisa bayana da iska, ya daki ginshiƙin rumfar har kwano ya amsa. Injin ya yi tari ya mutu.

Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar tsoratar da ni. Na ɗaga jikina da sauri. Hularsa ta faɗi can gefe, kansa a buɗe, fuskarsa da gemunsa duk garin katako. Ma'aikatansa biyar na kallo, ga Alhaji ya rugo ya tsaya a bakin rumfa, ga direbobi da masu tallar abinci sun taru. Kowa ya ga abu biyu a lokaci ɗaya: Sarkin Zarto bai ji usur ba, kuma mijin 'yarsa ya kayar da shi ƙasa. Na durƙusa na ɗauko hular na miƙa masa da hannu biyu. Bai karɓa ba. Ya tashi da kansa, ya kakkaɓe rigarsa, ya dubi sawun da bel ya bari a jikin ginshiƙi, daidai tsayin wuyansa. Sannan ya yi magana da ƙarfi, irin ƙarfin muryar wanda ba ya jin kansa, kuma ba ni ya kalla ba, Bulus ya kalla.

"Da kun bar shi ya same ni."

Ya fita ta tsakiyar mutane da kai a buɗe. Bai sake taka wurin ba.

Na tsinci na'urar a cikin garin katako, ba abin da ya same ta. Na sake gwada ta a gaban Alhaji, ta tsaya a kan alama. Na rubuta rahotona yadda na tsara, ba sunan kowa. An sa wa bel garkuwar ƙarfe, an kawo abin rufe kunne, an ware aikin fili domin tsofaffin ma'aikata. Amma wanda na yi domin shi bai tsaya ya karɓa ba. Kafin mako ya zagayo ya kwashe Inna da kayansu ya koma gonar gado a Kutemeshi. Alhaji ya daina amsa sallamata, wannan bai dame ni ba. A gari kuwa labarin ya zama duba-gari ya je da na'urar Turawa ya tona wa surukinsa asiri, ya kuma yi kokawa da shi. Kawunanku sun zo har gida suna cewa in saki 'yar'uwarsu. Mahaifiyarku ta ce ba inda za ta, amma ta yi wata guda in ta ajiye mini abinci sai ta juya mini baya. Na bi Baba Kutemeshi sau uku, da dattawa, da goro. Duk sanda ya hango ni sai ya ɗauki fartanya ya bi ta bayan gida. A na ukun Inna ta fito ta same ni a bakin zaure.

"Ka yi haƙuri, ɗan nan. Ya san abin da ka yi masa. Sanin ne ma ya hana shi kallonka."

Daga nan na daina zuwa, don kada in riƙa korar tsoho daga gidansa. Na ji haushinsa, ba zan ce ban ji ba. Na kuma ji haushin kaina, domin da na iya buɗe baki a zaure, mu biyu, in ɗaga murya in gaya masa gaskiya, da ya ji kunyar mutum ɗaya maimakon ta gari guda. Na ji tsoron kunyar minti biyar, na je na ɗauko ƙarfe ya yi mini magana. Zaɓen na'urar ban taɓa nadamarsa ba. Abin da ya sa na bukace ta shi nake nadama.

Ya yi shekara goma sha tara a Kutemeshi. Ya ga haihuwarku duka, ya yi muku huɗuba, ya sassaƙa muku allo da hannunsa. Ni dai ko sau ɗaya ba mu sake haɗa ido ba.

Ranar da ya rasu, da damina ne, aka aiko mota ta ɗauki mahaifiyarku. Na bi su, na tsaya a bayan sahu inda ba wanda zai ce na yi shisshigi. An yi salla, an kai shi makwanci, 'ya'yansa maza na naɗe hannun riga za su shiga rami. Sai babban kawunku, wanda ya fi kowa zafi a kaina, ya tsayar da su. Ya waiwaya yana neman wani a cikin jama'a har idonsa ya faɗo kaina.

"Malam Lawal, matso. Baba ya bar wasiyya. Ya ce mijin babbar 'yarsa ne zai karɓe shi a ƙasa. Ya ce ya san hannunka ba ya saki."

Mutane suka buɗa mini hanya. Na cire takalmina na sauka cikin ramin, ƙasar da sanyin ruwa. Suka miƙo mini shi, na tallabe shi ta ƙugu, na kwantar da shi a hankali ta gefen dama. Bai kai nauyin da na sani ba.